Askin Dogon Yaron Ƙofar Gidanmu

Yayana sana'arsa hawa bishiya. Idan reshen dogon yaro ya fara gugar kwanon ɗakinka, ko gawo ya karkata yana leƙen katangar maƙwabci, ko iskar farkon damina ta kayar da wani abu a kan turken awaki, shi ake nema a unguwarmu a Bodinga. Kayan aikinsa gatari ne da barandami da igiya, sai ƙafafu masu kaushi da ba sa ganin takalmi sai ranar Juma'a. Ya iya aikinsa. Wannan ba zan hana shi ba, ko yau da nake rubutun nan ina jin haushinsa.

Ni malamar firamare ce, gidan aurena yana bayan gidanmu, don haka kullum sai na biyo na gaida Baba kafin in wuce makaranta, in sake biyowa bayan an tashi. Baba ya yi noman albasa har ƙarfinsa ya ƙare, daga baya shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi. Bakinsa ya dawo, hankalinsa garau, ƙafa ce ta ƙi. Abin da ya rage masa na jin daɗin duniya shi ne inuwar dogon yaron ƙofar gidanmu, wanda ya dasa da hannunsa tun kafin a haife ni. Da hantsi Yaya zai goyo shi ya ajiye shi a kan buzu, a jingina masa matashi a gindin bishiyar, abokansa su fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Akwai tsohon direba da ya san kowane rami na hanyar Shagari, akwai malamin allo mai gardama da rediyo, akwai dillalin shanu da ya daina dillanci amma bai daina rantsuwa ba, da wasu da ke zuwa su tafi. Baba ne mai wurin. Shi yake raba goro, shi yake yanke wanda ya yi ƙarya a labari, kuma ba a watsewa sai ya ce ya gaji.

A wannan majalisar aikin Yaya yake fitowa. Ana cikin hirar farashin taki sai wani ya ce ai gidan surukinsa a Shagari akwai reshen da ke hana su barci in iska ta taso. Baba ya ɗaga murya ya kira Yaya, a yi magana a tsaye, washegari Yaya ya ɗaure gatari a bayan babur. Tsofaffin nan kowannensu yana da 'ya'ya da surukai da almajiran da suka girma suka yi gidaje, daga Bodinga har Dandin Mahe, kuma kowane gida da bishiyarsa.

Sai dai Yaya yana da ƙorafi, kuma in za a faɗi gaskiya ƙorafin yana da ƙafa. Aikin da ya biyo ta hannun abokin ubanka ba a yi masa ciniki. Ka wuni a sama, tururuwa na cizonka, ka sauko a miƙo maka abin da aka ga dama, a haɗa maka da albarka mai tsawo. In ka buɗe baki a ce ai kai ɗa ne. Burin Yaya a duniya shi ne ya yi wa baƙo aiki, wanda bai san Baba ba, bai halarci sunansa ba, ya faɗa masa kuɗi ido cikin ido ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Yana cikin wannan ciwon ne wani mai talla, mai tallata sana'o'in mutane a waya, ya same shi. Abokin ƙanin matar Yaya ne, mutum mai wayoyi biyu da jakar goyo, yana zaune a Sakkwato, yana magana da Hausar rediyo ko da yake kowa ya san a Dandin Mahe aka yanke masa cibiya. Ya zo suna gidanmu, ya ci tuwo, ya tambayi Yaya nawa yake kashewa wajen talla.

"Ba ni kashe komi," in ji Yaya.

Mutumin ya ajiye lomar hannunsa kamar an yi masa albishir da mutuwa. Ya ce sana'ar da ba a kashe mata kuɗin talla ba sana'a ba ce, taimakon jama'a ne. Ya ce masu kuɗi suna nan birjik, bishiyoyi na neman faɗo musu a kan motoci, suna laluben waya suna neman mai sara, ba su san akwai Yaya ba. Ni da nake sayen sukarin shayin majalisar daga albashina na san ana kashe kuɗin talla a gidan nan, ba dai daga aljihun Yaya ba. Na faɗa, aka ce in bari maza su yi magana.

Tallan ya zo hawa-hawa, kowane hawa da abin da yake ci. Buɗe shafi a intanet ya ci gero. Hoto ya ci wani geron, domin sai da aka yi hayar injin yankan katako daga wani mai sayar da katako, da hular kwano, Yaya ya tsaya ya rungume injin yana murmushi, alhali ko kunna shi bai iya ba. Aka buga hoton a wata ƙatuwar leda mai faɗin tabarma biyu, wannan ta ci ragon da matarsa take kiwo. Aka yi ƙananan takardu masu gam aka manna a bayan kekuna masu ƙafa uku, ta yadda duk inda ka juya a tasha sai ka ga fuskar Yaya tana tafiya Shagari ba tare da shi ba. Sannan aka zo kan babban sharaɗin: duk wanda ya kira waya ta dalilin tallan, Yaya zai biya mai talla wani abu, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Mai talla ya ce shi nasa kawo mutum ne, kama shi kuma na Yaya. Don a fara, Yaya ya buɗe rudun da yake adana albasarsa a lokacin da albasa take arha kamar ƙasa, ya sayar.

Saura abu ɗaya, bidiyo. Mai talla ya ce mutanen yanzu ba sa yarda sai sun ga bishiya kafin aski da bayan aski, sun ga reshe yana faɗowa da idonsu. Nan aka yi karo da abin da ya manta tun da ya koma birni: yawancin bishiyoyin da Yaya yake yi wa aiki a cikin gidaje suke. Shi kansa sai an yi masa iso, mata sun shige ɗaki, kafin ya shiga. Yaya ya roƙi wani maigida a Shagari ya bari a ɗauka, mutumin ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka shigo da gatari, na yarda. Amma ka shigo mani da mai hoto, shi ɗauki shanyar iyalina duniya ta gani? Tahi dai, Allah shi ba mu lahiya."

Duk inda aka je amsar ke nan. Bishiyoyin bakin hanya kuwa ba na kowa ba ne balle a taɓa. Mai talla yana tsaye a ƙofar gidanmu yana fifita da hula, ya ɗaga kai, ya ga abin da yake ba shi inuwar. Ya ce ai ga ta nan, babba, a waje, kuma tamu.

Ina zaune a gefen Baba da yamma lokacin da Yaya ya durƙusa ya kawo maganar. Bai yi ƙarya ba, ya dai rage gaskiyar.

"Baba, iccen ga na ƙohwar gida, so nika in ɗan rage mai. Reshe guda na, wanda yal leƙa bisa zaure."

"Mi yay yi maka?"

"Bai yi komi ba. Hoto za a ɗauka, mutane su ga aiki."

Baba ya ce, "Guda ɗai. Kuma kak ka taɓa na yamma, shi ka tare muna rana."

Suka zaɓi ranar Asabar da tsofaffin majalisar suka tafi ɗaurin aure Dandin Mahe, Baba kuma yana cikin gida. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da in ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawa. Na tsaya a bakin zaure ina kallo, don zuciyata ba ta kwanta ba.

Yaya ya hau, ya ɗaure reshen da igiya, ya sare shi, ya sauko da shi a hankali ko ƙura bai tayar ba. Aiki mai kyau. Mai talla ya duba waya ya girgiza kai, ya ce rana tana bayan Yaya, baƙi kawai ake gani, a sake. Na ce masa reshe ba waƙar 'yan makaranta ba ce da za a ce a sake. Ya yi dariya ya ce Malama akwai barkwanci. Yaya ya matsa ga reshe na gaba. Wannan ya fito, amma yatsan mai talla ya rufe rabin hoton. Na gaba ya sauko salin-alin, mai talla ya ce babu armashi, mutane suna son su ji ƙara, a bar shi ya faɗo da kansa. Aka bar na gaba ya faɗo da kansa, ya yi ƙarar da ta tayar da kajin unguwa, sai ga shi wayar ta cika tun kafin ya kai ƙasa. Aka ciro waya ta biyu. Wani ɗan kabu-kabu ya gitta. Akuya ta shiga tsakani tana cin ganye.

A lokacin bishiyar ta koma gefe guda kamar wanda wanzami ya fara yi wa aski aka kira shi gida. Na ɗaga murya na ce wa Yaya ya sauko haka nan. Ya leƙo daga sama, gumi na zuba, ya ce in ya bar ta a haka iskar farko za ta murɗe ta, dole a daidaita. A wannan kam gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ba ni haushi. Ya daidaita gabas da yamma. Mai talla ya ce tun da an kawo nan, gara a ƙarasa, don bambancin kafin da bayan ya fito sosai. Kafin la'asar abin da ya rage a ƙofar gidanmu gungume ne mai yatsu, inuwarsa ba ta wuce faɗin tabarmar sallah ba. Mai talla ya ce wannan bidiyon zai tashi gari, ya karɓi kuɗin mota ya tafi.

Washegari Yaya ya goyo Baba kamar kullum. A bakin zaure Baba ya ce ya tsaya. Ya daɗe yana kallon sama daga bayan Yaya, rana na dukan fuskarsa a wurin da ba ta taɓa samunsa ba. Na zaci zai yi faɗa, har na ji ina so ya yi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wanga shi na gudan?" Yaya ya fara bayanin cewa dogon yaro yana tohowa, in damina ta faɗi zai fi da kyau. Baba ya ce ya ajiye shi a zaure.

Waya kuwa ta fara ƙara, wannan ba zan yi wa mai talla ƙarya ba. Wani ya kira daga Legas ya ce aikin ya burge shi, Allah ya ƙara basira. Wata ta kira tana tambayar ko ana sayar da ganyen, tana da mai zazzaɓi. Mutane da yawa sun kira suna son hayar injin da ke cikin hoton. Wani ya kira don kawai ya zagi wanda ya yi wa bishiya wannan wulaƙancin da bazara, ya zage shi tas, shi ma mai talla ya lissafa shi a cikin waɗanda ya kawo. Akwai wanda ya kira da aiki na gaske, tsamiya ce a bayan gari wadda duk masu sara na yankin suka ƙi hawa saboda abin da ake cewa yana zaune a kanta. Yaya ma ya ƙi, ya kuma biya kuɗin kiran. Har ta kai in wayar ta yi ƙara sai ya zabura ya dube ta da tsoro, matarsa ta ce ya kashe ta mana, ya ce ai in ya kashe asarar ta tabbata.

Duk wannan da sauƙi, gero ne da rago, ana sake samu. Abin da nake kallo ni shi ne ƙofar gida. Tsofaffin sun dawo daga ɗaurin aure suka tarar da abin da suka tarar. Mutanen kirki ne, dillalin shanu ne kaɗai ya yi salati a hankali. Suka shiga zaure wajen Baba. Zaurenmu rufin kwano ne, da bazara kuwa in ka zauna a ciki da azahar sai ka ji kamar ana gasa ka. Suka daure kwana kaɗan, suna fifita, hira na mutuwa a tsakiya. Malamin allo ya fara cewa yana da baƙi. Tsohon direba ya fara zuwa bayan la'asar kawai. Can a unguwar gaba akwai wani durumi a ƙofar gidan wani mai sayar da hatsi, na ji labarin an fara shimfiɗa tabarma a can.

Yaya ya ga abin da ke faruwa, hankalinsa ya tashi, ya yi dabara. Ya kafa sanduna a gindin gungumen, ya ɗauko ƙatuwar ledar tallan ya ɗaura a sama a matsayin rumfa. Hoton yana kallon ƙasa. Duk wanda ya zauna ya ɗaga kai sai ya ga Yaya rungume da inji yana yi masa murmushi, ga lambar waya a gefen kunnensa. Leda kuwa ba ganye ba ce, zafi take tarawa ta sauko maka da shi a ka. Malamin allo ya zo ya leƙa, ya ce shi ba zai yi sallah a ƙarƙashin hoto ba, ya gaida Baba a tsaye ya wuce. Na yi dariya ranar har da hawaye, daga baya na ga dariyar ta tsaya hawayen bai tsaya ba.

Da rumfa ta ƙi, Yaya ya ce to a kai Baba inda suke. Aka ɗora shi a babur, wani ya riƙe shi ta baya, aka kai shi gindin durumin. Sun karɓe shi da murna, an ba shi wuri, an ba shi ruwa. Amma mai hatsin ne yake raba goro a can, shi yake yanke gardama, kuma da Baba ya so kama ruwa sai da aka nemo mai ɗaukarsa a gaban mutane, a gidan da ba nasa ba. Da suka dawo na tambaye shi yadda ya samu wurin.

"Inuwa tai kyau," ya ce. "Ba ni komawa."

Mai hatsin yana da suruki mai saran itace. Ban ce da gangan aka yi ba, amma maganar reshe da kwano a inda ake zaune ake yinta, kuma a can ake zaune yanzu. Daf da damina, lokacin da a da Yaya ba ya samun sukunin cin abinci, sai ga shi a gida yana wasa gatari. Mai talla ya kira ya ce matsalar ita ce bidiyon ya tsufa, ana bukatar sabo, ko akwai wata bishiyar. Ni na karɓi wayar. Abin da na faɗa masa ba na rubutawa ba ne, ya dai daina kira, kuma bai caje mu kuɗin wannan kiran ba.

Damina ta faɗi. Gungumen ya fara fitar da toho a kan kowane yatsa, jajaye-jajaye, sannan kore. Bayan damina ta biyu inuwar ta dawo, ta fi ta da duhu da kyan tsari, kamar yadda Yaya ya faɗa. Ya cire ledar, ya share wurin, ya sayo sababbin tabarmi da buta da kuɗinsa. Ya bi tsofaffin gida-gida yana durƙusawa, yana cewa inuwa ta dawo, Baba yana gaishe su. Tsohon direba ya rasu a tsakanin. Sauran kowa ya ce in sha Allah.

Sun zo ranar wata Juma'a bayan masallaci. Tun da safe Baba ya sa aka yi masa aski, ya sa farar riga, ya ce in sayo goro mai kyau, fari, ba irin wanda nake sayowa ba. Aka ajiye shi a kan buzunsa. Suka iso tare, suka yaba bishiyar, suka ce kai, ta yi kyau, kamar ba a taɓa ta ba. Suka tsuguna a bakin tabarma ba su cire takalma ba. Suka tambayi jiki, suka yi addu'a mai kyau, irin wadda ake yi wa marar lafiya. Baba ya buɗe goron zai fara rabo, malamin allo ya ce a bar shi, ana jiransu a can, an fara wata magana jiya ba a ƙarasa ba. Suka dube shi da tausayi, suka ce Allah ya ƙara sauƙi, suka tafi. Na ji zafin wannan ziyarar fiye da ranar saran, domin a da ba duba shi suke zuwa yi ba.

Baba ya zauna da goron a cinyarsa har aka kira la'asar. Sannan ya miƙa mini ya ce in kai wa mata cikin gida.

Yanzu 'yan kabu-kabu ne suke fakewa a inuwar, da awakin maƙwabta. Yaya yana samun aiki jefi-jefi, yana kuma yin faskare. Kullum da hantsi yana shiga ɗakin Baba ya durƙusa ya juya masa baya, yadda ya saba.

"Baba, in hidda ka waje? Inuwa ta yi."

"Bari dai," Baba yakan ce. "Wurin wa?"